Kama Da Wane Ba Wane Ba Ne

Duk wanda ya taɓa raka ɗan'uwansa kasuwa sayen riga ya san saƙi dabam, barage dabam, tsamiya dabam, ko da ya ke duka a rumfa ɗaya a ke baje su. Baƙo ya kan dube su ya ce ai riga riga ce. Dillali kuwa ya san wadda ta dace da ango, ya san wadda ta dace da mai zuwa gaisuwar fada, ya kuma san wadda in ka sa ta wurin ta'aziyya za a bi ka da kallo. To, kalmomi ma haka su ke, ba kuwa inda abin ya fi tsanani kamar wajen kalmomin da a ke kiran mugun aiki da su. In ka kira tulu randa, iyakarta a yi maka dariya. In ka kira mai sakaci maci amana, ka yi masa tabon da sabulu ba ya fitarwa.

Wani zai ce, mu da muka koyi karatun Hausa da girmanmu, ina ruwanmu da kalmomin Turanci? Akwai ruwanmu ƙwarai. Turanci shi ne harshen ofis da na manyan kotuna a Nijeriya. Koken da ka faɗa da bakinka da Hausa, kafin ya kai gaban mai yanke magana sai ya bi ta hannun magatakarda ko tafinta, shi ne kuwa zai zaɓa masa kalmomi. Haka rahoton da a ke rubutawa a kanka, ko a kan ɗanka da ke makaranta. Saboda haka ko ba ka jin Turanci, ya kamata ka san irin wuƙaƙen da ke cikin kuben, ka san wadda ke aski da wadda ke yanka.

Littafin da na ke so mu duba shi ne wanda magatakarda da yawa su kan ajiye kusa da ƙamus. Wani likita na Ingila, Peter Mark Roget, shi ya wallafa shi, aka buga a Landan cikin 1852, sa'an nan yana da shekara 73 a duniya. Tun 1805 ya fara tara kalmomin cikin wani ɗan littafi don amfanin kansa. Sunan da ya sa masa, "Thesaurus", daga Girkanci ya fito, ma'anarsa taska, ko mu ce rumbu. Ya bambanta da ƙamus. Shi ƙamus ka kan zo masa da kalma ya ba ka ma'ana, wannan kuwa ka kan zo masa da ma'ana a zuciyarka ya zube maka kalmomi. Roget ya kasa dukan abin da ɗan Adam ke iya tunani kashi shida manya, ya kuma rarraba su babi 1,000. Can wajen ƙarshe ya kawo babin halaye, ya jera su biyu biyu suna fuskantar juna kamar ɗakunan kishiyoyi: daidai da rashin daidai, nagarta da mugun hali, mutumin kirki da mutumin banza. An sha sabunta littafin bayan rasuwarsa a 1869, yanzu ma an zuba irinsa cikin kwamfuta da wayar hannu, da ka taɓa kalma sai 'yan'uwanta su fito reras.

Lalle aiki ne babba, kowa ya gwada tattara sunayen ciyayin garinsu kaɗai zai san wahalarsa. Amma fa rumbu ne wanda aka zuba gero da dawa da maiwa wuri guda. In ka buɗe babin mugun hali za ka tarar da kalmar da a ke yi wa yaro faɗa da ita tana zaune kafaɗa da kafaɗa da wadda a ke kiran mai kisan kai da ita, ba abin da ya raba su sai waƙafi. Don kada in zalunci marubucin, shi da kansa ya faɗa cikin gabatarwa cewa bayanin ma'anar kalmomi ba shi ne nufinsa ba, jera su kaɗai ya yi. Ya rubuta ne domin Baturen da ya sha waɗannan kalmomi a nono, ya san nauyin kowace, mantuwa kawai ta same shi. Irin wannan mutum in ya ga kalmar sai ya gane ta, kamar makiyayi da saniyarsa cikin garke. Mu kuwa da muka tarar da harshen da rana tsaka, duk shanun kamarsu ɗaya a idonmu, sai mu kama wadda ta fi ƙaho. Malaman Larabci sun daɗe da ganin wannan haɗari. Tun ƙarni na 4 na Hijira Abu Hilal al-Askari ya rubuta littafi sukutum a kan bambancin da ke tsakanin kalmomin da a ke zaton ma'anarsu ɗaya, yana ganin da wuya harshe ya ajiye suna biyu ga abu guda ba da dalili ba.

Ba da ka na ke wannan magana ba, ni kaina na taɓa faɗawa ramin. Ina sabon shiga aikin magatakarda, a wani ofis da ba sai na ambata ba, aka kawo takardar ƙara da Hausa a kan wani mai gadi. Abin da ta ƙunsa kaɗan ne, wai mutumin ba shi da ɗa'a, ya kan daka wa masu zuwa tsawa, ba ya amsa sallama. Aka ce in juya ta Turanci, don babban jami'in wurin ba ya jin Hausa. Na san kalmar "bad", amma na raina ta, na ga ta 'yan firamare ce. Na buɗe rumbun Roget, na bi layi da yatsa har na tsaya a kan "immoral". Na ga tana da tsawo da kwarjini, na kuma tuna tushenta ɗaya da kalmar da aka koya mana da nufin tarbiyya. Na rubuta ta har wuri biyu na kai, ina jin kaina kamar wanda ya naɗa sabon rawani. Bayan kwana uku aka sallami mai gadi. Sai daga baya na gane abin da jami'in ya karanta: a kunnensa, cewa na yi mutumin yana lalata da mata a bakin aiki. Zan komo kan wannan bawan Allah, amma bari mu fara ɗaga kalmomin ɗaya ɗaya mu ji nauyinsu.

Uwarsu duka ita ce "wrong". Asalinta daga bakin mayaƙan teku na ƙasashen Denmak da Norwe ta shiga Ingila, wajen shekara dubu da suka wuce, ma'anarta ta fari kuwa karkatacce, ko murɗaɗɗe. Kishiyarta "right" asalinta miƙaƙƙe. Wannan ba zai ba almajiri mamaki ba, don mu ma kullum hanya madaidaiciya mu ke roƙo, mu kan kuma ce wane ya karkace. Abin lura shi ne faɗin kalmar. Yaron da ya ce biyu da biyu biyar ne, da ita za a gaya masa. Wanda ya cinye dukiyar maraya, shi ma da ita. Hausa ta kan raba, ta ce wancan kuskure, wannan zalunci, sai in an fake da "ba daidai ba", wadda ita ce ta fi kusa da ita. Wannan faɗin shi ne raunin kalmar, don mai laifi ya kan ce ya yi "wrong" yana nufin lissafi ne ya kufce masa, mai sauraro kuwa ya ɗauka tuba ya yi. Duk da haka ni a ganina ba ta da na biyu. Gajera ce, ba ta da ado, yaro da tsoho sun san ta, ba ta kuwa ƙara wa mutum abin da bai yi ba.

Bayanta sai wasu uku da su kan rikita mai koyo, watau "sin", da "crime", da "vice". Wani marubuci, George Crabb, wanda ya riga Roget da shekara 36, don a 1816 ya fitar da nasa littafin, shi hanyar al-Askari ya bi. Ya kan ɗauki kalmomi uku ko huɗu ya aza su a sikeli. Ga yadda ya raba waɗannan: ta farko saɓa wa Allah ce, ta biyu saɓa wa jama'a da dokarsu, ta uku kuwa mugun hali ne da mutum ya saba da shi yana cutar kansa, kamar caca ko maye. Ashe tambayar da ke raba su ita ce, wa aka yi wa? Wanda ya ƙi azumi da gangan ya yi zunubi, amma ɗan sanda ba shi da magana. Wanda ya tuƙa mota lasisinsa ya ƙare da kwana ɗaya ya karya doka, amma ba wanda zai kira shi fasiƙi. Tafintan da ya juya duka da "laifi" ya rushe katanga uku da bugu ɗaya.

Akwai dalilin da ya sa Turanci ya tara kalmomi haka. A 1066 Wiliyam na Nomandi ya ƙetaro daga Faransa ya ci Ingila da yaƙi, Faransanci ya zama harshen fada da na shari'a. Sai a 1362 aka yi doka a riƙa yin shari'a da Ingilishi, duk da haka lauyoyi ba su saki Faransanci ba sai bayan ƙarnuka. Saboda haka harshen ya zama bene mai hawa biyu. A ƙasa akwai tsofaffin kalmomin gida, gajeru, irin su "sin" da "evil" da "theft". A sama akwai baƙi masu alkyabba, irin su "crime" da "vice" da "felony" da "injustice". Mu ma haka ya same mu da Larabci: zunubi da zalunci da alfasha da fasiƙanci ta hanyar malamai da alƙalai suka zo, mugunta da ƙeta da cuta kuwa 'yan gida ne. Kowa ya san in tsohuwa ta ce ka cuce ta, ya fi shiga jiki bisa ga a ce an sami zalunci cikin al'amarin.

Duk da yawan nan, akwai wuraren da rumbun ya ke wayam. Kowane almajirin da ya karanta fiƙihu ya san ayyuka hawa biyar ne, farilla, da mustahabbi, da halal, da makaruhi, da haram. Turanci ba shi da kalma guda tsayayya ga makaruhi, watau abin da barinsa ya fi amma ba a azabtar da mai yinsa. In tafinta ya zo nan sai ya yi kewaye, ko kuwa ya ɗauko kalmar da ta fi ƙarfin wurin. Haka kuma alhaki. Abin da ya fi kusa da shi "guilt", amma ita ko dai hukuncin kotu ta ke nufi, ko ciwon da mutum ya ke ji a zuciyarsa. Alhaki kuwa ko kotu ta sallame ka, ko kai kanka ka manta, yana nan, shi ya sa a ke ce masa kwikwiyo, mai shi ya ke bi.

Kada a ɗauka wannan duk wasan malamai ne. A 1947 wata shari'ar kisan kai daga ƙasar Gwandu ta kai gaban Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Afirka ta Yamma. Kotun sarki ta yanke wa mutumin hukuncin kisa bisa mazhabar Malikiyya, inda kisan ganganci kisan ganganci ne, ko da an tsokani mai yinsa. Dokar Turawa kuwa suna biyu ta ke da su, "murder" ga wanda ya kashe da nufi ba wani uzuri, "manslaughter" ga wanda aka tunzura har hankalinsa ya gushe nan take. Na farko rataya, na biyu kurkuku. Alƙalan suka ga aikin mutumin na biyun ne, suka soke hukuncin. Gardamar da ta biyo baya tana cikin abubuwan da suka kai ga kiran wani kwamitin masana shari'a a 1958, wanda Alƙalin Alƙalan Sudan, Sayyid Muhammad Abu Rannat, ya shugabanta. Dokar laifuffuka ta Jihar Arewa da aka yi a 1959, ta fara aiki a 1960, sai ta kauce wa sunayen biyu duka, ta ɗauko "culpable homicide", watau kisan da akwai laifi cikinsa, ta raba shi gida biyu, mai hukuncin kisa da wanda ba shi da shi. Dubi yadda wuyan mutum ya rataya tsakanin kalma da kalma.

Yanzu ga abin da ya fi ba ni mamaki cikin wannan harshe, wanda kuwa Roget bai ce uffan a kansa ba. In ka bi asalin sunayen mutumin banza a Turanci, sai ka tarar da yawansu sunayen talakawa ne. "Villain", wadda yau a ke kiran mugun cikin wasan kwaikwayo da ita, da can manomin da ke noma gandun ubangida ke nan, ɗan rinji mu ce. "Knave", maƙaryaci mayaudari, asalinta yaro ko bara, har yau kuwa 'yar'uwarta a Jamusanci yaro ta ke nufi. "Churl", mai baƙin hali, da can talaka ne ɗa wanda ba shi da sarauta. "Vulgar", mai batsa da rashin ɗa'a, daga kalmar Latin ta fito mai nufin gama-garin mutane. "Naughty" kuwa tushenta "babu", da fari wanda ba shi da ko anini ta ke nufi, a zamanin Shakespeare ta zama mugu sosai, yau ta lalace ta koma ƙiriniyar yara. Juya ɗaya gefen kuma ka gani. "Noble" da "gentle" da "generous", watau mai girman zuciya, da mai sanyin hali, da mai kyauta, dukansu asalinsu ɗan babban gida. Wa ya raɗa waɗannan sunaye? Ba sai an yi duba ba. Mai alƙalami da mai doki su suka raɗa, manomin da aka zaga da sunansa ba a tambaye shi ba. Baturen yau da ya ce "villain" ba ya tuna wani manomi, gaskiya ne, amma ƙanshin bai gushe duka ba. Har yanzu satar mai tsumma da satar mai kwat ba suna ɗaya a ke ba su ba, za mu kuwa zo kan wannan.

Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Mu da mu ke cewa ƙauyanci, da gidadanci, da halin bayi, mu kuma yabi mutum mu ce ai wane ɗa ne, ɗan asali ne, ba mu da bakin yi wa Turawa gori. Gero daga ƙauye ya ke zuwa, zagi kuwa daga birni.

Mu komo ga "immoral", wadda ta kā da ni. Bisa ga ƙirarta, duk abin da ya saɓa wa kyakkyawan hali ta ke nufi, ƙamus ma haka zai gaya maka. Amma a bakin mutane, musamman in an haɗa ta da hali ko ɗabi'ar wani, ta tsuke ta koma sha'anin maza da mata. Misali mafi muni daga Afirka ta Kudu ya zo. A 1927 aka yi wata doka a can mai ɗauke da wannan suna, wadda ta haramta tarawa tsakanin farar fata da baƙar fata ba da aure ba, a 1950 aka faɗaɗa ta ta haɗa da duk wanda ba farar fata ba, ba a soke wannan hani ba sai a 1985. A cikin shekarun nan gwamnatin ƙasar ta yi ta tashin mutane daga gidajensu da ƙarfi tana rushe unguwanninsu, amma wannan ba ta sa masa sunan rashin tarbiyya ba. Ta killace kalmar cikin ɗakin kwana, don kada ta fito ta ga abin da a ke yi a titi.

"Evil" ita ce mafi nauyi. Da can kalmar yau da kullum ce, ko abinci ya lalace da ita a ke faɗi, sai da "bad" ta bayyana wajen 1300 ta karɓe ƙananan ayyuka, ita kuwa ta hau sama ta koma kusa da abin da mu ke kira sharri, har da warin Shaiɗan a jikinta. Wanda ya yi "wrong" a kan zauna da shi a gyara. Wanda aka ce "evil" ne an rufe ƙofar magana da shi. Shi ya sa masu mulki su ke son ta in suna shirin faɗa. A 1983 Shugaba Reagan na Amurka ya kira Tarayyar Sobiyat daular sharri. A 2002 Shugaba Bush ya haɗa Iraƙi da Iran da Koriya ta Arewa ya liƙa musu ita, a 2003 aka shiga Iraƙi da yaƙi, makaman ƙare dangi da aka ce tana ɓoye da su kuwa ba a same su ba. Ban ce ba ayyukan da suka cancanci sunan ba, akwai su, kowa ya karanta labarin abin da Hitila ya yi ya sani. Amma takobi ne, ba a fere ƙwarya da shi. Ƙanwarta "wicked" kuwa ta sha jiki da yawan ari, har samarin Ingila suka mai da ita kalmar yabo, kamar yadda namu su kan ce mota ta yi mugun kyau.

Amma in za a tambaye ni, haɗarin kalma mai kaifi bai kai na kalma mai laushi ba. Mai kaifi kowa ya ji ta ya kan farka ya nemi hujja. Mai laushi kuwa barci ta ke sa mutane. Hawa na sama na benen nan cike ya ke da irinsu. Wanda ya saci akuya "thief" ne, ɓarawo, harafi biyar. Wanda ya kwashe kuɗin asibiti sai a rubuta an sami "misappropriation", watau an ajiye kuɗi inda bai kamata ba, ko "irregularities", watau abubuwa ba su bi layi ba, kamar dai kuɗin ne suka yi ƙafa suka ɓata hanya. Ka lura, cikin irin wannan jimla ba a ganin mai aikin sam. George Orwell, wanda ya yi aikin ɗan sanda a Bama a zamanin mulkin Ingila kafin ya zama marubuci, ya rubuta wata maƙala a 1946 yana kuka da wannan. Ya nuna yadda a kan yi wa ƙauyuka ruwan wuta a kori mutanensu, sa'an nan a kira abin "pacification", watau kwantar da hankalin ƙasa. Mu wannan kalma ba baƙuwarmu ba ce, don da ita littattafan Turawa na lokacin su kan kira cin ƙasar Arewa da yaƙi. A Fabrairu 1906 mutanen Satiru, kusa da Sakkwato, suka kashe Turawa uku da wasu sojoji. A Maris runduna ta komo da bindiga mai ruwa, aka kashe mutanen da a ke ƙiyasta sun kai 2,000, galibinsu ba su riƙe da komai sai fartanya da gatari da baka, aka rushe garin. Wanda ya karanta "pacification" a Landan yana shan shayi, ba zai ji ƙaurin hayaƙi ba.

Sarauniyar masu laushi a wannan zamani ita ce "inappropriate", watau abin da bai dace da wurin ba. Asalin aikinta shi ne irin sa rigar buki wurin ta'aziyya, amma an ɗora mata kayan da ya fi ƙarfinta. Ran 17 ga Agusta 1998 Shugaba Clinton na Amurka ya fito a talabijin yana amsa abin da ya musa wata bakwai kafin nan, game da wata yarinya mai koyon aiki a fadarsa. Da fari ya ce abin da ke tsakaninsu bai dace ba, a numfashi na gaba kuwa ya ce "wrong" ne. Shi kansa ya ji kalmar farko ba za ta ɗauki kayan ba. Nan ma kada mu yi dariya da yawa, don mu ne mu ke kiran hanci goro, ko gaisuwa, ko ihsani, mu kan kuma ce an sami 'yar matsala alhali kuwa an yi ta'asa. Roget ya jera masu laushi da masu kaifi layi ɗaya, bai sa wa ko ɗaya alama ba, saboda haka littafinsa yana yi wa mai ɓoye gaskiya hidima daidai da yadda ya ke yi wa mai nemanta. In da za a ba ni zaɓi tsakanin littattafan nan biyu in ajiye wa yaron da ya fara aiki, na Crabb zan ajiye masa, ko da ya ke tsoho ne, wasu rabe-rabensa ma sun yi tsauri, harshen kuwa ya yi gaba ya bar wasu. Ya kan tilasta wa mai karatu ya tsaya ya tambayi kansa, wa aka yi wa, da nufi ne ko da sakaci, sau ɗaya ne ko hali ne.

Ni ban tambayi kaina ko ɗaya daga cikin waɗannan ba ran da aka kawo takardar mai gadi. Da na gane ɓarnar, na sami wani dattijon magatakarda na gaya masa, ya kai ni gaban jami'in, na yi bayani kaina a sunkuye. Jami'in ya ce to, amma an riga an ɗauki wani a gurbin, sai dai a gyara abin da ke cikin fayil. Aka gyara. Sai dai masinjan da ya ɗauki takardar farko yana jin ɗan Turanci, kafin mako ya zagayo maganar ta riga ta kai unguwarsu, ta kai gidan surukansa. Magana zarar bunu ce. Bayan wajen shekara biyu na gan shi a kasuwa yana sayar da albasa. Na durƙusa na gaya masa ni ne na rubuta, na roƙi gafara. Ya daɗe yana dubana, sa'an nan ya ce shi dai ya san yana da faɗa, tsawa kuwa ya yi ta, bai musa ba, amma ɗayan abin har ya koma ga Allah bai san inda ya fito ba. Ya ce ya yafe. Ya tambaye ni, to, da Turancin me ya kamata a rubuta? Na ce masa "rude", harafi huɗu, tun ina aji uku na san ta. Ya sa na maimaita masa sau biyu, ya gwada faɗinta da bakinsa, ya girgiza kai, sa'an nan ya juya ga wata mata da ta tsaya tana taya albasa.